Na iya rubuta manhaja amma aiki ya ƙi samuwa: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na karanta kimiyyar kwamfuta, na gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan, ina zaune a Kano. Na iya JavaScript da React, na ɗan taɓa Node, kuma ina da ayyuka shida a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Na tura CV wurare sun fi ɗari biyu, yawanci ta LinkedIn, zuwa kamfanonin waje masu ba da aiki daga gida. Sau uku kacal aka kira ni intabiyu, kuma duka ban wuce ba. A gida an fara cewa in bi yayana kasuwa. Shin AI ce ta kashe sana'ar, ko ni ne ban iya ba? In ci gaba ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Abu uku ka haɗa a tambaya ɗaya: me ya sami kasuwar, me ke hana takardarka wucewa, sannan ko lokaci ya yi da za ka saki layin. Sana'ar dai tana nan da ranta. Ƙofa ɗaya ce ta cushe, wato aikin dala daga gida ga sabon shiga wanda React, kayan aikin gina fuskar manhaja, kaɗai ya riƙe, kuma ita ka shekara biyu kana bugawa. Ban ga kod ɗinka ba, don haka ba zan yanke hukunci a kan iyawarka ba. Amma CV ɗari biyu da kira uku na nuna cewa yawancin wuraren ko duba iyawar taka ba su yi ba. Tun daga waje ake juyo da kai.

Yadda kasuwar ta kai nan

A 2020 da 2021 annobar korona ta tura ciniki da karatu da taruka zuwa intanet, a daidai lokacin da babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa kusan sifili. Kuɗi ya yi arha, masu jari suka riƙa antaya shi cikin kamfanonin fasaha, su kuma suka riƙa ɗibar ma'aikata fiye da buƙatarsu. A cikin wannan yanayin ne, a Oktoban 2020, Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, ya sayi takwaransa na Najeriya, Paystack, a kan sama da dala miliyan 200, matasanmu da yawa suka ce ai ga hanya ta samu. Labaran da kake ji na wanda ya yi kwas ɗin wata shida ya faɗa aikin dala, galibinsu na wannan zamanin ne. Gaskiya ne sun faru, sai dai zamanin ya shuɗe.

Daga Maris na 2022 bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa, jari ya ja baya. A Nuwamban shekarar Meta ya sallami mutum kusan 11,000, Twitter ya sallami kusan rabin ma'aikatansa. A Janairun 2023 Google ya sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Waɗannan mutane ba su bar sana'ar ba, layin neman aiki suka dawo. Shi ya sa yau mai gogewar shekara takwas ke neman kujerar da a da ta mai shekara biyu ce, mai shekara biyu kuma ya sauko kan taka.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, kuma ya shafe ka kai tsaye. Daga 2022 dokar harajin Amurka ta hana kamfani cire kuɗin da ya kashe wajen gina manhaja gaba ɗaya a shekarar da ya kashe shi. Dole ya rarraba shi a kan shekara 5 idan a Amurka aka yi aikin, shekara 15 idan a waje aka yi. A 2025 an sassauta na cikin gida, na waje kuwa yana nan a 15. Ke nan arhar ma'aikacin Najeriya a wurin kamfanin Amurka ta ragu a lissafin akanta.

Ta ɓangarenmu kuma masu nema ne suka ninka. Tun da naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023, kowa ido ya koma kan dala. Ga jami'o'i na yaye ɗalibai, ga kwasa-kwasan gaggawa, ga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan uku. Galibin waɗannan abu iri ɗaya aka koya musu: HTML, CSS, JavaScript, React.

Batun AI fa? Tana da hannu, amma ba ita ta fara ba. Tun a Satumban 2019 Andela, kamfanin da ya yi suna wajen horar da sababbin shiga a Afirka, ya sallami kusan 400 daga cikinsu, bisa hujjar cewa abokan cinikinsa gogaggu suke nema. ChatGPT kuwa sai a ƙarshen Nuwamban 2022 ta fito, bayan Meta ya riga ya yi tasa sallamar. Ɓarnar da ta yi wa irinku iri biyu ce. Ƙananan ayyukan da ake horar da sabo da su, kamar haɗa fom ko gyara fasalin shafi, yanzu gogagge na yin su cikin mintuna da taimakonta. Sannan ta zubar da darajar hujjar da kuke nunawa. Manhajar jerin ayyukan yini, ta hasashen yanayi, kwaikwayon Netflix, duk ana iya fitar da su kafin shayi ya huce. Idan ayyukanka shida irin waɗannan ne, mai dubawa ba shi da hanyar sanin kai ka yi ko na'ura.

Fara da gano inda ake tsayar da kai

Kafin ka ƙara tura ko guda, buɗe shafin Excel ka jera wuraren da za ka iya tunawa: kamfani, ta wace hanya ka nema, shekarun gogewar da suka ce, ƙasashen da suka yarda da su, da matakin da ka kai. Abin da yawanci ke fitowa shi ne, kaso mai yawa na tallan "aiki daga gida" suna nufin daga gida a cikin Amurka ko Tarayyar Turai. Kamfanin ba shi da rajista a Najeriya, ba ya son wahalar haraji da biyan albashi ta ƙetare, don haka da zarar ka zaɓi ƙasarka a fom, na'ura ta ajiye ka gefe ba tare da idon mutum ya gan ka ba. Cire waɗannan, cire masu neman shekara uku zuwa sama, za ka iya tarar da cewa wuraren da kake da damar gaske ba su kai arba'in ba. Kira uku cikin arba'in ba mummunan sakamako ba ne a wannan kasuwa.

Sai CV ɗin kanta. A aikin tace takardun masu nema, kallon farko ba ya kai minti ɗaya, kuma kashi ɗaya cikin uku na saman shafi ne ke yanke hukunci. Shafi ɗaya ya ishe ka, a jere ɗaya, ba zane ba ado, saboda manhajojin da ke karanta CV na rikicewa da shafi mai ginshiƙi biyu. Cire ranar haihuwa, jihar asali, addini, aure da hoto idan waje za ta. Cire jerin harsunan kod goma sha biyu, ka bar waɗanda za ka iya amsa tambaya a kansu ba tare da inda-inda ba. A ƙarƙashin kowane aiki ka faɗi wa yake amfani da shi da abin da ya magance. "Na gina manhajar kanti da React" ba ta ce komai ba. "Manhajar lissafin kaya da bashi da wani kemis a Kano ke aiki da ita kullum, tana aiki ko babu sabis" ita ce ke sa a ɗaga waya.

Kuma ka danna kowane mahaɗi, wato adireshin intanet, da ke cikin takardar, daga wayar wani. Abin da ya fi yawa a takardun da ke zuwa gabana shi ne mahaɗin da ya mutu. Heroku, kamfanin da ake ɗora manhaja a kansa don ta hau intanet, ya rufe tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022, amma har yau ana turo adireshinsa. Tsarin kyauta na takwaransa Render kuma yana kwantar da manhaja idan ta yi kamar minti goma sha biyar ba a taɓa ta ba, sai ta ɗauki kusan minti guda kafin ta farka. Mai dubawa ya ga farin shafi na daƙiƙa goma, ya wuce na gaba. Ƙaramar saba, wato kwamfutar haya da ke riƙe da manhaja a intanet, ta 'yan daloli a wata ta fi, kuma ka rubuta sunan shiga da kalmar sirri na gwaji a fili, don babu mai tsayawa yin rajista.

Abu ɗaya da mutane ke amfani da shi

Nan ne nake so ka zuba mafi yawan ƙarfinka. Mai ɗaukar aiki a kasuwa mai sanyi tsoro ne ke jan ragamarsa: kada ya ɗauki wanda sai an shekara ana riƙe masa hannu. Abin da ke kashe wannan tsoron shi ne shaidar cewa ka taɓa gina abu, mutane sun dogara da shi, ya lalace, ka gyara. Gani ya kori ji. Kuma ba sai wani kamfani ya ba ka izini za ka samu wannan shaidar ba.

Nemi wuri ɗaya da har yanzu littafi da biro ke riƙe da lissafinsa: kemis, makarantar kuɗi mai bin iyaye bashin zango, dila a Kantin Kwari, mai sayar da kayan waya a Farm Centre. Kada ka fara da kod. Yi kwana uku zuwa biyar kana zaune kana kallon yadda ake ciniki, ka ɗauki hoton shafukan littafin da izinin mai shi. Ɗauki kemis misali. Za ka ga magani ɗaya ana sayen sa a katan, a sayar a kwali, a kati, wani lokaci ma a ƙwaya. Idan rumbun bayananka bai ajiye komai a mafi ƙanƙantar ma'auni ba, sannan ya riƙa juyawa, lissafin kaya zai karkace a makon farko. Za ka ga kaya iri ɗaya sun shigo sau biyu da farashi daban da ranar lalacewa daban, wanda ke nufin kowane shigowa sai an ba shi layinsa, kuma mai kusa da lalacewa shi zai fara fita. Za ka ga mai saye ya biya rabi ta tiransifa, ya ba da wani abu a hannu, saura a rubuta. Za ka ga yaron shago bai kamata ya ga riba ko ya goge ciniki ba, maigida kuma yana son ganin komai daga wayarsa yana gida.

Daga nan matsalolin gaske za su fara koya maka abin da babu kwas ɗin da ke koyarwa. Kuɗi ka ajiye shi a kwabo, cikakkiyar lamba, domin a JavaScript 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 daidai, suna ba da 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɓurɓushin na taruwa har lissafin wata ya ƙi haɗuwa. Paystack ma a kwabo yake karɓar adadi, wanda ya manta ya tura 5000 yana nufin naira dubu biyar, naira hamsin zai caja. Idan ka haɗa biyan kuɗi, kada ka amince da abin da wayar mai saye ta ce. Sabarka ce za ta tabbatar da cinikin daga wurin Paystack, ta duba sa hannun da ke kan saƙon da suka turo, kuma ta gane idan saƙo ɗaya ya zo sau biyu, don kada a rubuta biya ɗaya sau biyu. Haka idan sabis ya yi rauni, yaron shago zai danna maɓallin sau uku. Ba wa kowane ciniki lambarsa tun daga wayar, yadda ko sau nawa ya iso, ɗaya za a ƙirga.

Sabis zai ɗauke, wuta za ta ɗauke, ciniki kuwa ba zai jira ba. Dole manhajar ta ajiye ciniki a cikin na'urar, ta tura idan sabis ya dawo, kai kuma ka yanke abin da zai faru idan waya biyu sun sayar da kwali na ƙarshe a lokaci guda. Gwada ta a ƙaramar Tecno ko itel, irin wadda yaron shago ke riƙewa, kada ka tsaya a laftof ɗinka. Lambar waya ɗaya za ta shigo a matsayin 0803 yau, gobe +234803, sai mutum ɗaya ya zama biyu a littafin bashi. Wani zai rubuta Ɗanlami, wani Danlami, bincike ya kasa haɗa su. Za a nemi rasit, sai ka koyi magana da ƙaramar firinta mai takarda milimita 58. Kuma kowane dare a kwafe rumbun bayanan zuwa wani wuri daban, sannan sau ɗaya a wata ka gwada dawo da kwafin. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ranar da aka buƙace shi ake gane fanko ne.

Ka karɓi kuɗi, ko kaɗan ne. Wanda bai biya ba ba ya amfani da abu da gaske, kuma ba ya kawo ƙorafi, alhali ƙorafin kake nema. Ku rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya: abin da manhajar za ta yi, abin da ba ta ƙunsa ba, kafin alƙalami, da kuɗin kulawa na wata. Rashin wannan takarda ne ke sa aikin wata biyu ya koma "ɗan ƙara mana kaza" na shekara guda. Bayanan mutane kuma amana ce, ga dokar kare bayanai ta 2023, don haka kada ka ɗora sunayen masu bashi ko makullan sirri a GitHub. Na nunawa ka cika shi da bayanan bogi.

Wata uku zuwa huɗu na wannan zai ba ka abin faɗa a intabiyu. Tambayar da aka fi kayar da sababbi da ita ita ce, "ba mu labarin wata matsala mai wuya da ka warware." Mai ayyukan kwas ba shi da amsa. Kai kuwa za ka ce ga ranar da lissafi ya ninka, ga yadda na bi sawu, ga abin da na canza.

Abin da za ka ƙara a kan React

Kada ka riƙa tsallakawa zuwa sabon harshen kod duk wata. Zurfafa inda kake: TypeScript, Node da gaske, da SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, a kan PostgreSQL har ka iya haɗa tebura, ka san dalilin da tambaya ke jan ƙafa da yadda fihirisa ke gyara ta. Ƙara Git, manhajar bin sawun canje-canjen kod, irin na aiki cikin jama'a, rubuta gwaji, da ɗora manhaja a kan Linux da hannunka. A ganina SQL ce ta fi kowanne saurin biyan wahalarta, don ita ce raunin mafi yawan masu React. Takardun shaidar kwasa-kwasan intanet ba su da nauyi sosai, kada ka kashe kuɗinka wajen tara su.

AI kuma ka yi aiki da ita, don ana sa ran ka iya. Sharaɗin shi ne duk layin da ta rubuta maka ka iya bayanin dalilinsa, ka kuma san inda zai karye. Masu intabiyu sun gane wannan, shi ya sa suke cewa ka buɗe aikinka ka canza wani abu suna kallo.

Ƙofofin da ba a cunkoso

Ka raina aikin cikin ƙasa, ina jin, saboda albashin naira. Amma shekara ɗaya ta aikin gaske a Kano ko Kaduna ko Abuja ita ce ke fitar da kai daga layin sababbi, wanda shi ne layin da ya tsaya cak. Kasuwar gida kuma ba React kaɗai take ci ba. Ƙananan kamfanoni masu yi wa makarantu da asibitoci da hukumomi aiki PHP da Laravel da WordPress suka fi amfani da su. Bankuna da manyan kamfanonin biyan kuɗi sun fi karkata ga Java da C#. Masana'antu da manyan diloli na neman wanda zai girka musu manhajar tafiyar da kasuwanci irin Odoo ko ERPNext ya daidaita ta da tsarinsu. Ɓangaren lafiya da ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke da ayyuka da yawa a Arewa, suna aiki da manhajojin tattara bayanai irin DHIS2 da ODK da KoboToolbox, kuma wanda ya iya waɗannan ya haɗa da SQL da Hausar fita fili yana da abin da ɗan Legas ba shi da shi. eHealth Africa da ke Kano misali ne na irin wuraren. Sai dai tallafin ƙetare ya ragu sosai tun 2025, don haka nan ma ƙofar ba a buɗe take kamar da ba.

Kada kuma ka ƙi aikin da sunansa ba "injiniyan manhaja" ba ne. Gwajin manhaja, taimaka wa abokan ciniki ta fuskar fasaha, girka manhaja a wurin masu saye, tsaftace bayanai, duk suna sa ka cikin gida. Kamfani ya fi son ɗaga wanda ya sani zuwa kujerar kod a kan ɗauko baƙo.

Yawancin irin waɗannan guraben ba sa kaiwa LinkedIn. Manaja zai tambayi ma'aikatansa ko sun san wani, a gama magana a WhatsApp. Don haka jera 'yan ajinku da na gaba da ku da ke aiki, ka riƙa zuwa tarukan masu rubuta manhaja irin na GDG da DevFest. In za ka tura saƙo, bar "Yallaɓai a taimaka min da aiki", ba ya ba mutum abin kamawa. Gaisa, ka faɗi abin da ka gina a layi biyu, ka sa mahaɗi, ka nemi abu ƙarami takamaimai: ya duba tsarin rumbun bayananka, ko ya miƙa takardarka ga gurbi kaza da ka gani a kamfaninsu. Nema goma a mako, kowanne an gyara CV daidai da tallan kuma akwai mutum a ciki, ya fi hamsin na danna maɓalli.

Ga mai son ƙofar waje, manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe ga kowa hanya ce ta gaske, ko da yake tana da tsawo. Zaɓi guda da kake amfani da ita, ka fara da ƙaramin gyara. Akwai shirye-shiryen da ke biyan sababbi su yi aiki a kan irin waɗannan manhajoji: Google Summer of Code tun 2022 ba ɗalibai kaɗai yake ɗauka ba, Outreachy kuma na ɗauka sau biyu a shekara da alawus na dala 7,000, kuma duka biyun gudunmawar da ka riga ka bayar suke dubawa. Gasar tana da zafi. Sannan ka fi mai da hankali kan kamfanonin Turai da na Afirka a kan na Amurka, domin agogonmu ɗaya da Jamus da Faransa a lokacin sanyinsu, ɗaya da Ingila a lokacin zafinsu. Upwork kuwa, shafin neman aikin kwangila, kowace nema kuɗi take ci, sabo marar tarihi na iya ƙone kuɗinsa a banza, sai in ya tsaya kan abu ɗaya ƙunƙuntacce, kamar haɗa Paystack ko Flutterwave da kantin intanet.

Intabiyu ukun da ka faɗi

Zauna ka rubuta tambayoyin da aka yi maka da inda ka maƙale, ukun duka. Idan a warware matsala kai tsaye ne, ware awa ɗaya kullum ga tambayoyin LeetCode, shafin atisayen kod, masu sauƙi da matsakaita, kana faɗin tunaninka da baki, da Turanci, agogo na tafiya. Da yawa sun san amsar, shirun minti biyar ne ke kayar da su, don mai tambaya ba ya ganin abin da ke kanka. Yi gwaji da aboki, ku naɗi murya, ka saurari kanka. Idan aikin gwaji aka ba ka ka je gida ka yi, yi abin da aka ce kawai, ka sa gwaji, ka rubuta yadda za a tayar da shi da abin da ka bari da dalili. Wanda zai ci fiye da yini guda ba biya, ka yi hattara, wasu aikin kyauta suke nema. Ranar ganawa kuma ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban, laftof cike da caji, abin kunne mai makirfo, da ɗakin da ƙarar janareta ba ta kaiwa. Yankewar kira sau biyu na sa su fara tunanin haka kowace rana za ta kasance.

Masu cin kasuwar marasa aiki ma sun yi yawa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin horo ko na kayan aiki kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne. Akwai masu turo "aikin gwaji" su ce ka sauke ka tayar a kwamfutarka, alhali an cusa abin satar kalmomin sirri da kuɗin kirifto a ciki. Akwai masu neman hayar asusunka na Upwork ko LinkedIn, ko ka zauna intabiyu da sunan wani. Duk abin da aka aikata, sunanka ne a jiki.

Kasuwa wajen yayanka

Shawarata ka je. Babu wanda zai iya ba ka ranar da ɗaukar aiki zai dawo kamar 2021, kuma ni ban sa ran zai dawo a wannan siffar ba. Mai neman aiki da aljihu fanko yana karɓar kowane tayi, yana kuma shiga intabiyu a tsorace. Ku yi magana da yayanka a fili: ka ba shago safiya zuwa la'asar, ko kwana huɗu a mako, sauran lokacin na kod ne, awa uku a rana ba fashi. Idan lissafinsa a littafi yake, to ka ma samu mai amfani da manhajarka na farko, maƙwabtansa na layi kuma su ne na biyu da na uku.

Ba wa tsarin wata shida, ka auna da abin da ake iya ƙirgawa. Shin akwai wanda ba ɗan gidanku ba da ke buɗe manhajarka kullum? Akwai wanda ya biya? A cikin nema goma, ana kiranka ko sau ɗaya? Kana wuce zagayen farko? Idan waɗannan na motsi, ci gaba ko da tayi bai zo ba tukuna. Idan wata shida sun cika babu ko ɗaya, kuma ka lura kai kanka ba ka jin daɗin zama bin sawun matsala, to ka karkata zuwa gwaji, nazarin bayanai ko girka manhaja, ko ka riƙe kasuwar da hannu biyu, babu abin kunya a ciki.

Giɓin shekara biyun nan kuma kada ka bar shi fari a CV. Da zarar mutum na farko ya fara biyan ka, yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, ka rubuta aikin a sashen gogewa da ranar farawa, ka kuma nemi izinin mai shagon ka sa lambarsa a matsayin wanda za a kira a tambaya.